Rabi a Tsakiyar Jama'a: Nazarin Kaɗaici da Rushewar Buri a Littafin Alhaki Kuykuyo Ne

Filinmu na nazari a wannan fitowa zai tsaya ne a kan mace ɗaya tak, wato Rabi, tauraruwar littafin Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Na san wani zai ce, mu da muka zo koyon akanta da safiyo da aikin lantarki, ina ruwanmu da wata Rabi? To, ai kuwa da ruwanmu. Duk wanda ya zauna darasin GNS ya san ba a tsallake tambayar nan ta a yi sharhi a kan tauraron labari, kuma abin da yawancinmu ke yi shi ne mu sake kwararo labarin daga farko har ƙarshe, malam ya ba mu rabin maki don tausayi. Bayan wannan, babu ɗalibin da ya fito daga Karaye ko Rogo da zai rantse bai san Rabi ba. Ko a gidansu ko a maƙwabta, akwai matar da aka sako da 'ya'ya reras, ta ɗora tukunya a ƙofar gida tana sayar da abinci, da ribar nan ake biya wa wani daga cikinmu kuɗin rajista.

Yawancin masu karatu kan rufe littafin nan ne da ajiyar zuciya: alhaki ya kama mugun miji, matar kirki ta koma ɗakinta, shi ke nan an yi sulhu. Ni kuwa a ganina wannan ƙarshen shi ne wuri mafi ɗaci a littafin, kuma a nan ne Rabi ta fi zama ita kaɗai, duk da cewa a nan ne mutane suka fi kewaye ta. Abin da nake so mu bi a hankali ke nan.

Ga wanda bai karanta ba, ga labarin a taƙaice. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne a Kano, yana da shagon yadi, ba matsiyaci ba ne. Matarsa Rabi ta haifa masa 'ya'ya 9. Kuɗin cefanen da yake bari ba ya kai gidan ko'ina, amma a waje hannunsa a sake yake. Ana nan sai ya auro Delu, tsohuwar karuwa. Rigima ta kaure tsakanin matan biyu, ya goyi bayan amarya, ya saki Rabi, ya kore ta da 'ya'yanta. Rabi ta kama sana'ar abinci ta riƙe yaran. 'Yarta Saudatu ta auri wani attajiri mai suna Alhaji Abubakar, al'amura suka fara warwarewa. Can kuma gobara ta cinye shagon Alhaji Abdu, Delu ta ci amanarsa, ya wayi gari ba dukiya ba mata. Sai ya tuna da Rabi. Ba ta so, amma mazan da ke kewaye da ita suka taru a kanta har ta amince aka mayar da auren.

Marubuciyar kanta ta san irin wannan rayuwa daga ciki. Ƙanwar marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed ce, shugaban ƙasar da aka kashe ranar 13 ga Fabrairu, 1976, amma wannan bai hana a cire ta daga makarantar firamare a yi mata aure tana wajen shekara 13 ba. Auren bai yi ƙarko ba. Daga baya ta koma karatu ta ajin manya, ta fitar da littafinta na farko, Budurwar Zuciya, a 1987, ta kuma shiga ƙungiyar marubuta ta Raina Kama tare da su Ado Ahmad Gidan Dabino. A shekarun 1990 wasu masana sun raina irin waɗannan littattafai, suka kira su Adabin Kasuwar Kano, aka yi ta muhawara a jaridu tsakanin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu. Sai ga shi wannan littafi da ake saya a bakin kasuwa an mayar da shi fim, kuma a 2012 Aliyu Kamal na Jami'ar Bayero ya fassara shi zuwa Turanci, kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga. Amma a kula: sanin tarihin marubuci yana taimakawa, sai dai Rabi ba Balaraba ba ce. Kar ka rubuta wa malam cewa marubuciyar labarin kanta take bayarwa. Abin da aka tambaye ka shi ne matar da ke cikin takarda.

Ina kaɗaici a gidan da ke cike da yara?

Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Idan aka ce kaɗaici, abin da ke zuwa ranmu shi ne mutum a ɗaki shi ɗaya, ba motsin kowa. A littattafan Turawa haka abin yake sau da yawa: tsohuwa a bene, taga a rufe, ba mai ƙwanƙwasa ƙofa. To, a gidan Bahaushe ina za ka samu wannan? Mace mai 'ya'ya 9 ko banɗaki ba ta shiga ba a kira sunanta ba. Ga maƙwabta, ga masu shigowa ɗiban wuta, ga almajirai, ga biki ga suna. Idan da ƙidayar kawuna ake auna kaɗaici, Rabi ba ta taɓa yinsa ba ko na minti ɗaya.

Saboda haka tambayar da ta kamata mai nazari ya yi ba ita ce mutum nawa ke tare da ita ba. Tambayar ita ce, idan ta yi magana, maganar wa take sauyawa? Ku bi littafin da wannan ma'auni ku gani. Ta yi wa mijinta maganar cefane, ba abin da ya canza. An kawo mata kishiya, ra'ayinta bai shiga lissafi ba. An yi faɗa, ba a tsaya auna nata bayanin ba kafin a yanke hukunci. Mutane suna jin muryarta sarai, har suna tausaya mata, amma jin murya daban, ɗaukar magana daban. Kaɗaicin Rabi shi ne na wanda ake zama a yanke shawarar rayuwarsa yana wurin, kamar ba ya nan.

Wani abu da ya sa Balaraba ta fi da yawa daga cikin marubutan zamaninta shi ne ba ta tsaya tana ce mana Rabi na cikin baƙin ciki ba, sai ta nuna mana lissafi. Tun a farkon littafin maganar kuɗin abinci ce a gaba: nawa aka bari, baki nawa za su ci, wa zai cike giɓin. Ku 'yan sashen akanta, wannan naku ne. Matar da ke kwana tana lissafin yadda ɗan abin da aka ba ta zai kai dare, ita kaɗai take wannan lissafi. Yara ba su san ana yi ba, su dai a zuba musu. Maigida ya sani amma ya kau da kai. Maƙwabta kuwa ba a so su sani, don rufin asiri. Kun ga ke nan rufin asirin da muke yabo shi ne katangar da ta killace ta. Gwargwadon iya rufa wa mijinta asiri, gwargwadon yadda ba wanda zai san halin da take ciki. Wannan ba zargin al'ada ba ne, bayanin yadda abin ke aiki ne, kuma duk wanda ya taso a gidan da uwa ke cewa ta ƙoshi alhali tukunya ce ta ƙare, ya gane abin da ake nufi.

Sai maganar buri. Idan aka tambayi ɗalibi wane buri ne na Rabi ya rushe, amsar da ke fitowa nan take ita ce burin zaman aure. Ba ƙarya ba ne, amma amsar ta yi arha. Burin Rabi na farko ƙarami ne ƙwarai, har ma da wuya a kira shi buri: a ciyar da 'ya'yanta, a bar ta da mutuncinta a ɗakinta. Ba ta nemi mota ba, ba ta nemi gwal ba. Abin da ta nema haƙƙinta ne tun asali. Wannan ya rushe ranar da aka miƙa mata takarda.

Amma ku lura da abin da ya biyo baya, don a nan littafin ya yi abin da ba a zata ba. Sakin da ake ganin shi ne ƙarshenta sai ya zama mafarin wani abu. A karon farko kuɗin da ke hannunta nata ne, guminta ne, ba ta jiran a ajiye mata a kan tabarma da safe ana harara. Ita ke cewa a dafa kaza, a sayi kaza, wane ya tafi makaranta. Wahala tana nan, ba a ce babu ba, tsayuwa gaban murhu daga asuba ba wasa ba ne. Sai dai wahalar tana haifar da abin da ido ke gani. A wannan zango ne buri na biyu ya tsiro mata, wanda ba ta taɓa furtawa da sunan buri ba, wato ta zama ita ke da ta-cewa a kan kanta. Kuma abin mamaki, a wannan lokaci da ba ta da miji, wanda jama'a ke kira zaman kaɗaici, a nan ne ta fi kowane lokaci samun masu ɗaukar maganarta.

To wannan buri na biyu shi ne aka rusa a ƙarshen littafi. Kuma ba Alhaji Abdu ne ya rusa shi ba, don a lokacin ba shi da ƙarfin rusa komai. Masoyanta ne suka rusa shi, da kyakkyawar niyya, da kalmomi masu daɗi irin su haƙuri da zumunci da duba 'ya'ya. Mutumin da ya kore ta lokacin yana da shi, an dawo mata da shi lokacin ba shi da komai, ita ce ma za ta ɗauki nauyin. Ku sake duba sunan littafin. An ce alhaki kuykuyo ne, mai shi yake bi. To ya bi Alhaji Abdu, gaskiya ne. Amma da ya gama binsa, a ƙofar wa suka yada zango shi da kuykuyon nasa? Wa zai ciyar da su?

Mizani daga ƙasarmu: Baba ta Karo

Don mu gane ko abin da ya sami Rabi dole ne ya sami kowace Bahaushiya, yana da kyau mu ajiye ta kusa da wata mace, wannan karon ba ƙagaggiya ba, kuma 'yar yankinmu. Da yawa daga cikinmu 'yan Rogo ba mu san cewa ɗaya daga cikin littattafan da jami'o'in duniya suka fi karantawa a kan rayuwar matan Hausawa labarin wata mata ce daga Karo, wani ƙauye kusa da Zarewa ba. Zarewar nan dai da ke cikin ƙaramar hukumar Rogo a yau. Sunanta Baba, an haife ta wajen 1877, tun kafin Turawa su ci Kano a 1903. A tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, tana tsohuwa a garin Giwa ta ƙasar Zazzau, ta zauna da wata Baturiya mai suna Mary Smith, matar masanin nan M. G. Smith, ta ba ta labarin rayuwarta da Hausa. Ta rasu a 1951, littafin kuma ya fito a Landan a 1954 da sunan Baba of Karo.

Idan da marubucin ƙagaggen labari za a ba tarihin Baba a taƙaice, wallahi da ya mayar da ita abar tausayi ta ƙarshe. Mahaifiyarta ta rasu tana ƙarama. An yi mata auren zumunta da ɗan'uwanta Duma tana wajen shekara 14, alhali Malam Maigari take so. Ta yi aure har sau 4. Ba ta taɓa haihuwa ba. Ga kayan haɗa labarin kaɗaici nan cikakku. Amma ka buɗe littafin sai ka tarar da shi cike da mutane maƙil: goggonni, ƙawaye, ƙannen rana, kishiyoyin da aka yi zaman arziki da su, 'ya'yan riƙo da ta raina har ta aurar. Kuma ba cika ido kawai suke yi ba. Ƙawance a wurinsu alƙawari ne mai ƙa'ida, da biki da ramuwar biki, yau ki kai gudummawa gobe a ninka miki. Mace tana da mutanenta na kanta waɗanda ba ta hanyar miji ta same su ba, kuma saki ba ya raba ta da su.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda Baba ta fita daga auren Duma. Ta yi biyayya ga manya ta zauna na wasu shekaru, da ta ga ranta bai kwanta ba ta fita, ta auri Malam Maigarin da take so. Bayan shi ta auri Malam Hasan, har mutuwa ta raba. A tsufanta kuma ta yi abin da ake kira auren takalmi da wani mai suna Ibrahim, wato kowa yana gidansa, ana ziyartar juna. Ku dubi wannan da kyau. Matar da aka haifa a ƙauyen Zarewa a ƙarni na 19, ba ta taɓa shiga aji ba, ta samu tsarin da ya ba ta inuwar aure ba tare da ya ƙwace mata zaman kanta ba. Rabi kuwa, a birnin Kano na zamanin mota da lantarki, zaɓi biyu kawai aka shimfiɗa mata: ko ta koma, ko ta zama mai taurin kai da ta ƙi jin maganar manya.

Kar a ɗauka ina cewa zamanin Baba aljanna ne. Zamanin hari ne da kamen bayi, danginta suna da rinji da bayi, kuma an taɓa sace wasu daga cikin iyalinsu sai da aka biya fansa. Sannan a tuna tsohuwa ce ke ba baƙuwa labari, kuma Bahaushiya ba ta zazzage wa baƙo cikinta. Rashin haihuwa a wancan zamani ba ƙaramin ciwo ba ne, shirun da ta yi a kan wasu abubuwa ba ya nufin ba su yi mata zafi ba. Nan ma akwai darasi ga mai nazari: tarihin baka yana nuna maka abin da mutum ya yarda a sani, ƙagaggen labari kuwa yana iya shiga da kai har inda mutum ba ya bari a shiga. Shi ya sa muke buƙatar su biyun. Baba ta nuna mana igiyoyin da ke riƙe mace, Balaraba ta nuna mana yadda igiyoyin nan kan koma dabaibayi.

Don kuwa Rabi ma ba ta rasa dangi ba. Da aka kore ta 'yan'uwanta ba su yar da ita ba, auren Saudatu kuma ya kawo mata suruki mai hali da kirki. Sai dai duk wanda ya tallafe ka ya samu bakin magana a kanka. Ranar da aka zo maganar kome, yaya za ta dubi idon waɗanda suka tsaya mata ta ce a'a? Da maƙiya ne suka matsa mata, da ta iya tirjewa. Da yake masoya ne, ba ta da inda za ta kai ƙara.

A nan ya kamata a bambance addini da al'ada, domin masu karatu da yawa kan cakuɗa su, har wasu su ce ai littafin yana sukar Musulunci ne. Ko kusa. A shari'a ciyarwa wajibin miji ce, kuma ciyar da 'ya'ya yana kan uba ko da an rabu. Matar da aka saka saki na kome a ɗakinta ya kamata ta yi idda, ba a kore ta ba, wannan yana cikin Suratuɗ Ɗalaƙ. Idan idda ta cika kuwa, miji ba shi da sauran iko, sai dai ya shiga layin manema da sabon sadaki, kuma bazawara ba a ɗaura mata aure sai da yardarta a bayyane. Ku auna Alhaji Abdu da waɗannan ku ga guda nawa ya cika. Abin da littafin ke tonawa shi ne, lokacin da ake tauye wa Rabi haƙƙin da Allah ya ba ta ba a ga taron da ya iya tsawatar wa Alhaji ba, amma da aka zo neman ta yafe, nan da nan taro ya haɗu. Wani masani Ba'amurke, Novian Whitsitt, ya yi rubutu a 2002 a kan yadda Balaraba ke kafa hujjarta daga cikin addini, ba daga wajensa ba. Duk mai son faɗaɗa bincike don aikin kammala karatu sai ya neme shi.

'Yan'uwan Rabi a wasu littattafai

Rabi ba ita kaɗai ba ce a adabin Afirka. A The Stillborn na Zaynab Alkali, wanda ya fito a 1984, Li yarinya ce 'yar ƙauye mai mafarkin birni da zama da saurayinta Habu Adams. Auren ya zo, birnin ya zo, mafarkin bai zo ba. Ta koma ta yi karatu ta tsaya da ƙafarta, a ƙarshe kuma ta yanke shawarar komawa wurin Habu bayan hatsari ya nakasa shi. A ido, ƙarshen Li da na Rabi iri ɗaya ne, mace ta koma wa mijin da ya karye. Bambancin yana wurin wa ya yanke shawara. Li ita ta ce za ta koma, ba wanda ya zaunar da ita. Kana iya cewa ta yi wauta, an daɗe ana wannan gardama, amma wautar tata ce. A The Joys of Motherhood na Buchi Emecheta kuwa, na 1979, Nnu Ego ta ƙarar da rayuwarta kan 'ya'ya, ta mutu a gefen hanya ba ko ɗaya a kusa. Wannan kaɗaici ne da kowa zai gani ya gane. Na Rabi ya fi wuyar gani, don ita za ta tsufa ne a cikin 'ya'ya da jikoki, kowa yana cewa ta dace.

Ita ma Balaraba ta rubuta wata tauraruwar da ta ɓalle. A Wa Zai Auri Jahila? an cire Abu daga makaranta, wanda aka yi mata alkawari da shi ya guje ta don ba ta yi boko ba, aka aurar da ita ga Sarkin Noma, sa'an ubanta. Abu ta gudu Kano wurin goggonta, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Me ya sa Abu ta tsira Rabi ba ta tsira ba? Abu yarinya ce, ba ta da 'ya'ya 9 a bayanta, kuma abin da ta samu takardar shaida ce, wadda ba a yi mata taron dangi a ƙwace. 'Yan'uwa mata da ke fama da kuɗin mota daga Karaye kowane zangon karatu, ana ce muku me ake ci da difloma, ku ajiye wannan kwatanci a ranku.

Yanzu ga mai shiga jarrabawa. Idan aka ce ka yi sharhi a kan Rabi, kar ka fara da jero siffofi, wai mai haƙuri ce, mai biyayya ce, mai son 'ya'yanta ce. Kowa zai rubuta haka, kuma ba nazari ba ne, yabon gawa ne. Ɗauki siffa ɗaya ka tambaye ta. Haƙurin nan, wa ya amfana da shi? A wane wuri ne zaɓinta ne, a wane wuri ne aka ɗora mata? Sannan ka kawo abin da ya faru a labarin ya zama shaidarka, kamar maganar cefane ko zaman da aka yi kafin kome. In ka ga dama ka saɓa wa duk abin da na faɗa, ka ce komawar Rabi nasara ce domin ta koma ne tana da ƙarfi, ita ke riƙe da gida, Alhaji kuwa ya dawo a ladabce. Wannan ma karatu ne mai tushe, akwai masu riƙe da shi, kuma malamin kirki zai ba ka maki in ka kafa hujja. Abin da zan tambaye ka kawai shi ne, idan nasara ce, me ya sa sai da aka matsa mata?

Akwai kuma mace ɗaya da kusan ba mai tsayawa a kanta, wato Delu. Mai karatu yana tsanarta tun shigowarta, kuma marubuciyar ba ta yi wani ƙoƙarin wanke ta ba. Amma ku ɗan dube ta da ma'aunin da muka auna Rabi. Mace ce da shekaru suka fara ja, ta fito daga zaman bariki, inda kasuwar mace ke faɗuwa da faɗuwar ƙuruciyarta. Auren Alhaji Abdu a wurinta mafaka ce, shi ya sa ta shigo da faɗa kamar mai ƙwatar wurin kwana. Rabi tana da 'ya'yan da za su tsaya mata da surukin da zai share mata hawaye. Da auren Delu ya watse, hankalin labarin gaba ɗaya ya koma kan yadda za a lallashi Rabi, mu ma masu karatu muka bi shi can, ba wanda ya waiwaya ya tambayi inda Delu za ta nufa.